Robar hannu mai ɗumi a kan mashin, wa ya taɓa sakawa da kansa?

Baban Ummi: Slm jama'a barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema. Ina Manchester ina aikin kai abinci da mashin PCX 125, to tunda aka shiga Disamba hannuna ya daina jin magana, jiya wajen ƙarfe goma na dare na tsaya ƙofar wani gida zan danna waya in ce na iso wallahi yatsun suka ƙi lanƙwasuwa, ƙarshe da hanci na danna. Wannan ma da sauƙi, abin da ya tsorata ni shi ne birki, na matsa amma ban ji ina matsawa ba. Shi ne na yi odar robar hannun nan mai ɗumi ta intanet, mai arha ce fam 18 ko suna babu a jikin kwalin, waya biyu ce ja da baƙa sai ɗan maɓalli. Zan iya sakawa da kaina ko sai na kai gareji? Kun san kuɗin aikin hannu a ƙasar nan sai ya fi kuɗin kayan.

Ɗan Fagge: Ikon Allah. Mu nan muna neman wanda zai saka mana fanka a kan mashin kai kana neman hita 😂

Na Tudun Wada: Ka dawo gida kawai Baban Ummi, watan Afrilu a Kano robar hannu da kanta take ɗumi babu waya babu batir, ka ajiye mashin a rana minti goma ka dawo ka gani, har kujerar kyauta

Baban Ummi: Ku dai ku yi dariyarku, Allah ya kawo ku a Janairu

Oga Rewaya: Wa alaikumus salam. Aikin ba shi da wuya, amma kafin ka kwance ko noti ɗaya ka amsa min abu biyu. A jikin kwalin ko takardar an rubuta wat nawa take ci? Sannan kana da mitar gwada wuta? Irin wannan robar yawanci biyun a haɗe suna jan amfiya 3 zuwa 4 in ka ƙure su, ka ga a wuta mai volt 12 ya kama wat 36 zuwa 48 kenan, kusan kamar ka ƙara wa mashin wani babban ƙwan fitila ne. Ka ɗora mita a kan batir mashin yana kashe, lafiyayye zai nuna 12.5 ko sama kaɗan, ka tayar ka ɗan ba shi wuta ya kamata ka ga 13.5 zuwa 14.5. In bai kai haka ba ka bar maganar roba tukuna ka fara da caji.

Baban Ummi: Ina da mita Oga, na gwada yanzu a kashe 12.6 a kunne 14.2. Takardar da Sinanci take rabi da Turancin da shi ma sai an fassara shi, amma na ga 40W. Sun zana hoto wai ja a kan batir baƙa a kan batir shi kenan

Oga Rewaya: Cajinka lafiya lau. Amma hoton nan kar ka bi shi. In ka haɗa kai tsaye da batir robar ba ruwanta da makulli, ko ka zare makulli ka shiga ɗaki tana nan tana shan wuta, kuma batirin irin mashin ɗinka bai wuce amfiya-awa 6 ko 7 ba, ka raba da amfiya uku da ɗoriya ka gani, kusan awa biyu ne kawai, kuma tun kafin ya ƙare gaba ɗaya sitata zai daina juyawa. Kai da kake sauka sau talatin a dare kana gudu da ledar abinci wata rana dole ka manta. Rile za ka saka.

Alhajin Leeds: Gaskiya Oga Rewaya kana wahalar da yaron nan. Ni shekara huɗu ina amfani da ta kamfanin Oxford, kai tsaye na ɗaura a batir kamar yadda su masu kayan suka ce, ban taɓa saka wani rile ba kuma ban taɓa tura mashin ba. Tana da wayo, in ka kashe inji ta ga wuta ta sauka bayan 'yan mintuna sai ta kashe kanta. Waya biyu noti biyu an gama, meye na yanke-yanken wayoyi

Oga Rewaya: Alhaji ranka ya daɗe taka daban tasa daban. Taka akwai ƙwaƙwalwa a cikin maɓallin, tasa ta fam 18 ce maɓallin kunnawa da kashewa ne kawai irin na fitilar ɗaki. In ya bi shawararka kai za ka zo ka tura shi?

Alhajin Leeds: To ai sai ya mayar ya sayi mai kyau, arha ba ta ado

Baban Ummi: Alhaji na duba irin taka ta ninka tawa wajen sau huɗu, kuma watan nan na biya inshora ga haya. Bari dai in lallaɓa da wannan zuwa bazara

Na Tudun Wada: Wai meye rile ɗin ma, mu 'yan kallo a yi mana bayani

Oga Rewaya: Ɗan akwati ne baƙi bai kai kwalin ashana ba, duk mota akwai shi, shi ne kake jin yana ƙas idan ka murɗa makulli. Maɓalli ne amma wuta ce take danna shi ba yatsa ba. Ka nemi mai ƙafa huɗu na wuta 12, a gindinsa za ka ga lambobi 30 da 87 da 85 da 86. Daga kan batir mai alamar tarawa ka jawo waya ka saka mata fis mai lamba 5 kusa da batir ɗin sosai, ba can nesa ba, sai ta shiga 30. Daga 87 ta fita zuwa jar wayar robarka. 85 ka kai ta jikin ƙarfen mashin ko ɗaya kan batir ɗin tare da baƙar wayar roba. Ita kuma 86 ita ce sirrin, za ka nemo duk wata waya da ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli ka ɗan tsotsa daga jikinta. To ka ga robar daga batir take ci kai tsaye amma ba za ta ci ba sai makulli ya ba da izini. Ka zare makulli komai ya mutu, ko ka manta ko ba ka manta ba.

Baban Ummi: Akwai wajen cajin waya a cikin ɗan aljihun gaba, shi ma sai an kunna makulli yake kawowa. Me zai hana in haɗa robar a can kawai in huta da rile?

Oga Rewaya: A'a. Wancan don waya aka yi shi, siririyar waya ce da ƙaramin fis, ka ɗora masa amfiya huɗu fis zai tashi, in kuma ka yi wayo ka saka babban fis to waya ce za ta zama fis ɗin, ta narke a cikin roba inda ba ka gani. Amma wayar da take kai masa wuta 12 ta baya ta yi daidai da ƙafa 86, don shi rile abin da yake ci bai taka kara ya karya ba. Ka gwada da mita tukuna, makulli a kashe sifili, a kunne 12. Kuma ka cire baƙin kan batir kafin ka fara komai, shi ake fara cirewa shi ake mayarwa a ƙarshe.

Maman Hanif: Ku yi haƙuri na shigo maganar maza. Maigidana a Jamus yake wannan aikin, bara ya haɗa tasa da kansa ya murɗa wayoyin da hannu ya naɗe da salatif irin yadda ake yi a gida, sati biyu ruwa da gishirin da suke zubawa a titi suka shiga wajen ya yi kore shar, wata rana yana tafiya ya ji ƙauri. Allah ya tsare dai. Don Allah Baban Ummi ka sayi 'yan kawunan nan da ake matsewa da filaya da robar da ake hura wa zafi ta kama waya, ba su da tsada

Oga Rewaya: Hajiya ta gama magana. Ni kaina nan salatif nake naɗawa saboda mu wata bakwai ba ma ganin ruwa, amma can ba zai yi ba

Ɗan Gembu: Ni fa tun ɗazu ina karantawa ina jin haushin masu dariya. Duk wanda yake ganin babu sanyi a Najeriya bai hau tsaunin Mambila ba. Ka taso daga Nguroje da asuba za ka Gembu, ko ka bi ta wajen gonar shayin Kakara hazo ya rufe ko'ina, wallahi kafin ka yi rabin hanya sai ka tsaya ka ɗora hannu a jikin inji. Akwai yaron da muke lodi tare hannunsa ya mutu da sanyi ya kama salansa bai ji zafi ba sai da fata ta tashi. Mu nan har da damina ma sanyi ne, ruwa ya jiƙa safar hannu iska ta buga. Oga Rewaya tambayata, Boxer za ta ɗauki wannan abin? In za ta ɗauka ko nawa ne zan sa a kawo min

Bajos: Gaskiya ne, mu ma nan Jos Disamba da Janairu in ka fito da sassafe ta hanyar Bukuru sai ka raina kanka

Ɗan Fagge: To mun tuba, mu ma dai da hunturu muna saka safar ƙafa a hannu ai

Oga Rewaya: Ɗan Gembu shiga kam za ta shiga, don kan Boxer kaurinsa milimita 22 ne irin na yawancin mashina, robar ma a haka ake yin ta, manyan mashinan Amurka irin su Harley ne suke da 25. Matsalar ba shiga ba ce, wuta ce. Tsakani da Allah batirinka yana aiki? Don cikin Boxer goma da suke zuwa shagona da ƙyar ka samu uku masu rai, kowa kiki yake bugawa ya tafi. Ka lura fitilarka in kana silo tana dishi-dishi in ka ba da wuta ta yi haske, hon ɗinka kuma kamar akuya mai mura, to wannan yana gaya maka kwayil ɗin abin da yake bayarwa iya cikinsa ne, ɗan abin da yake turawa batir kaɗan ne. Ka ɗora masa wat 40 batir zai riƙa bayarwa fiye da abin da yake karɓa, kwana biyu ya kwanta, robar kuma ta yi ɗumi-ɗumi kamar shayin da ya huce.

Bajos: Amma in ya canza ƙwan gaba ya saka LED ba zai samu rarar wuta ba? Ni haka na ji

Oga Rewaya: A mashin da komai nasa ta batir yake bi eh ana samun rara. Amma a irin waɗanda fitilar gaba take da nata layin daga kwayil, ka rage mata ci ba shi ne zai ƙara wa layin caji ba sai an sake wayarin an canza rektifaya, kuma kafin ka gama wannan kashe kuɗin ka sayi buhun masara. Ni ban ce ba zai yiwu ba, na ce bai cancanta ba.

Ɗan Damagaram: Sannunku. Mu nan wajenmu masu kabu-kabu da masu zuwa ƙauye lokacin ɗari abin da wasu ke yi, wajen mai ɗumkin kujerar moto suke zuwa ya ɗumka musu kamar aljihu biyu da tamfol, ciki a sa tsohon bargo, a ɗaure bisa kan moto ya rufe hannu da birki duka. Iska ba ta taɓa ka ko kaɗan. Babu batir babu waya, jikka kaɗan ne

Alhajin Leeds: Wannan ai shi ne abin da 'yan kai abinci suke sakawa a nan, duk Landan ka duba mashinansu da sanyi za ka gani kamar kunnen giwa. Muni ne da shi amma yana aiki. Sai dai a kula, in ba shi da tauri kana gudu iska tana tura shi baya ya danne hannun birki ko kuloci ba ka sani ba, sai ka ga fitilar birki tana kunne kana tafiya. A sa masa ɗan ƙarfe ko roba mai tauri daga ciki

Ɗan Gembu: Wallahi wannan ta fi min, akwai mai ɗinkin kujera a bakin kasuwa gobe zan je masa da hoton. Na gode ɗan uwa

Baban Ummi: To ni dai na sayo rile da fis da kawunan da Hajiya ta ce. Saura cire tsohuwar roba, na ja na ja ta ƙi

Alhajin Leeds: Ka fara kwance ƙarfen da yake toshe bakin kan. In ba ka son tsohuwar ka tsaga ta da reza kawai, amma ɓangaren totur a hankali don a ƙarƙashinta bututun roba ne ba ƙarfe ba, in ka zurfafa ka yanka shi. In kana son ajiye ta ka zura siririn sukundireba ka ɗiga ruwan sabulu ka juya. Kar ka fesa mai, in mai ya taɓa wajen gam ba zai kama ba. Sannan ka duba robobin biyu ba ɗaya ba ne, mai faɗin rami ita ce ta dama saboda a kan bututun totur take zama, mai ƙaramin rami ta hagu. Shi bututun za ka ga yana da 'yan ƙuraje-ƙuraje a jiki da suke riƙe tsohuwar, sai ka goge su da sanfefa har sabuwar ta shiga da ɗan ƙarfi ba tare da duka ba. Kar ka buga da guduma kar ka murɗa ta kamar kana matse wanki, siraran wayoyi ne a ciki in ɗaya ta tsinke ta mutu kenan

Oga Rewaya: Kuma ka haɗa wutar ka gwada su suna ɗumi tun kafin ka sa gam. Ka zura su a bushe ka ga inda wayar za ta kalla, ka ja birki ka tabbata wayar ba ta tokare shi ba, ka yi alama da biro. Ta dama ka bar mata sakin waya kamar ɗan lanƙwaso don tana juyawa da totur sau dubu a rana. Ka juya kai ƙarshen hagu ka juya ƙarshen dama, a kowanne ka murɗa totur ka saki, dole ya koma da kansa ka ji ƙas. In bai koma ba kar ka hau

Baban Ummi: Jama'a na dawo, kwana biyu kun ji ni shiru. Ranar Lahadi na yi aikin a bayan gida hannu yana karkarwa. Wayarin bai ba ni wahala ba sai cire robobin gaban mashin ɗin, ashe su ne aikin, 'yan maƙalai ne ko'ina na karya guda biyu. Na gwada kamar yadda Oga ya ce, makulli a kashe shiru, na murɗa na ji ƙas, minti uku roba ta fara ɗumi har na kira Maman Ummi ta zo ta taɓa. Inda na kwafsa gam ne. Sufa gulu ne suka sako a kwalin, na shafa a ta hagu na fara turawa sai wayata ta yi ƙara na tsaya dubawa, ko daƙiƙa goma ban yi ba na dawo ta kafe saura kamar faɗin yatsa ɗaya ta ƙarasa shiga, na yi na yi ko motsi, haka na bar ta. Ta dama kuma na ce ba za a maimaita ba na zuba gam da yawa na tura da sauri har ƙarshe, ashe na matse ta jikin akwatin maɓallai kuma gam ya ɗan tsiyaya, na murɗa totur na saki ya tsaya cak inda na bar shi. Ba don Oga ya ce a gwada ba da haka zan hau titi. Awa guda na yi da reza ina kankare gam ina rage bakin robar har ya samu 'yar tazara, yanzu yana komawa da kansa

Oga Rewaya: Alhamdulillah da ka gwada. Gam kaɗan ake sawa kuma daga can ɓangaren waje, turawar ita za ta shafe shi zuwa ciki. Laifina ne ban faɗa ba

Ɗan Fagge: Wa ya kira ka a wayar, a nemo shi ya biya

Baban Ummi: Saƙon talla ne ma wallahi 😭

Alhajin Leeds: Ya aikin nata a hanya?

Baban Ummi: Daren jiya na yi awa biyar da ita. Tafin hannu kam alhamdulillah har sai da na rage, amma abu biyu na lura. Ta dama ta fi ta hagu zafi sosai har na ɗauka ta hagun ta lalace, sannan bayan yatsu da babban yatsa suna nan da sanyinsu, ciki yana gasuwa waje yana daskarewa kamar gurasa a tanderu

Oga Rewaya: Ba ta lalace ba. Ta hagu a kan ƙarfe take zaune ƙarfen yana shanye zafin, ta dama a kan roba take. Da an naɗa wa ƙarfen wani abu siriri kafin a zura da an rage, amma kai yanzu taka sai dai a haƙura tunda ta auri wajen. Wani abu kuma, mashin ɗinka yana da tsarin nan na kashe kansa a danja, in robar tana kunne ka kashe wannan maɓallin, don duk tsayuwar da inji ya mutu daga batir take sha kuma kai tafiyarka gajeru ce ba ya samun ya cika

Alhajin Leeds: Bayan yatsu kuwa babu robar da za ta yi maka maganinsa ko ta fam ɗari ce, iska ce. Kunnen giwar nan na Ɗan Damagaram za ka ƙara a kai, in ka haɗa biyun sai ka koma siririyar safar hannu ma don mai kaurin tana tare ɗumin

Baban Ummi: Wato bayan duk wannan wahalar tamfol ɗin dai zan koma

Ɗan Gembu: Ni nawa an gama ɗinkawa jiya, da tsohon bargon yara aka yi cikin, yau da asuba na je Nguroje na dawo ban tsaya taɓa inji ba ko sau ɗaya. Sai dai mai ɗinkin ya sa min tamfol ruwan hoda wai shi ya rage masa, tun safe 'yan tasha suke ce min amarya

Baban Ummi: Tambaye shi nawa zai ɗinka min baƙi, akwai mai tahowa daga Abuja ƙarshen wata